Wanda Ya Ɗauki Farar Ƙasar Inna

Ranar Lahadi da hantsi Inna ta sauke gwangwaninta daga ƙusar da yake rataye a rumfa, ta buɗe, ta tarar babu komai a ciki sai ƙyallen da take naɗe farar ƙasar da shi, an ninke shi tsaf. Ba ta yi ihu ba. Ni na yi mata ihun, har karnukan layinmu suka taya ni.

Sunana Noreen, ni ce autar Effie, wato Inna, kuma duk garin nan an san bakina. Inna ta haura saba'in, ta yi shekara ashirin tana zana ƙasarta da ƙasa: ja, ruwan ɗorawa, baƙin gawayi, a niƙa a kan dutse a dama da ƙaro. Waɗannan duk ana samunsu, ka ɗauki mota ka roƙi masu wuri ka haƙo. Farar ce ba ta da ta biyu. Daga gaɓar rafin da aka haifi Inna aka haƙo ta, rafin kuwa ya fi shekara talatin a ƙarƙashin ruwan dam. Ranar da aka kwashe mutanen wurin a babbar mota wasu barguna suka ɗauka, ita kuwa ta cika durom ɗin fulawa da farar ƙasa. Tun daga nan take gutsura. Abin da ya rage bai wuce dunƙulen hannu biyu ba, shi ta keɓe don babban zanen da take kai, na rafin kansa, wanda za a kai nuni birnin Perth. Ja da baƙi sun gama zama. Saura farin ɗigo-ɗigon da zai bi kowace kwanar ruwa.

Inna ta ja bargo ta rufe zanen, ta koma gindin kuka ta zauna. Na kai mata shayi da burodin toka, ta ture.

"In ba ta dawo ba na gama zane," ta ce.

Kafin a ce me, rabin gari ya taru a bakin dangarmu. Jiya Asabar kusan kowa ya bi motar gari zuwa kallon ƙwallo, har da Inna, ba mu dawo ba sai da rana ta faɗi. Aka shiga lissafin waɗanda ba su je ba. Wani ya ce ya ga ƙurar motar baƙi masu yawon buɗe ido. Wata ta ce yara ne. Ni dai na riga na yanke hukunci a raina, mutum biyu nake zargi, kuma na faɗi sunayensu da ƙarfi yadda kowa zai ji.

*

Kaka Dinny ya iso yana dogara sanda. Ya yi shekaru yana bi wa 'yan sanda sawu, kafin nan kuma yana bin na ɓatattun shanu. Kakana ne ta wajen dangi, don haka babu abin da ba ma gaya wa juna.

"Ke uwar faɗa, ɗauke ƙafafunki daga nan," ya ce. "Ɓarawo ya bar mana labari a ƙasa, kin tattake rabinsa da wannan faskara-faskaran ƙafar taki."

"To duba sauran rabin mana, tsohon banza. Ko idon ya tafi ne?"

Ya ja layi da sandarsa ya zagaye rumfar da bayanta har bakin danga, ya ce duk wanda ya tsallaka zai sha sanda a ƙauri. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Ta yi tsaye da yawa. Sawu ba ya magana sai yana da inuwa. Sai la'asar."

"La'asar? Kafin nan an niƙe ta an shafe!"

"In an niƙe an niƙe."

Ban iya zama ba. Na kama hannun rigarsa na ja shi, ya biyo ni yana gunaguni.

*

Gwaggo Maudie muka fara yi wa dirar mikiya. 'Yar'uwar Inna ce ta nesa, ita ma tana zane, kuma na daɗe da ɗauka cewa tana jin haushin yadda sunan Inna ya fi nata tafiya. Ba ta je ƙwallo ba, wai ƙafa. Muka same ta a barandarta, ga zane a gabanta, ga fari sabo fil a cikin murfin kwalba.

"Gwaggo, ina kika samo wannan?"

"Babu ko gaisuwa, Noreen?"

"Gaisuwar ta jira. Ina kika samo?"

Ta ajiye tsinken ɗigonta a hankali. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni na wanke ki ranar da aka haife ki. Yau ni kike wa kallon ɓarauniya a gaban jikokina?"

Kaka Dinny ya tsoma ɗan yatsa a murfin, ya goga a haƙoransa na gaba, ya tofar.

"Ta bakin gadar titi ce, duk yashi," ya ce. "Ta Effie narkewa take yi a baki kamar madarar gari. Maudie, yi haƙuri da ita, kin san tun tana tsumma haka take."

Maimakon in ba da haƙuri sai na ce ai mai wayo ba zai fito da kayan sata ran da aka yi cigiya ba. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in shige ƙasa.

*

Ta biyu ita ce Tessa, Baturiyar da ke kula da ɗakin zanen garinmu, mai kawo mana ƙyallen zane da buroshi, mai magana da mutanen birni. Ga sawun motarta a bakin dangarmu, kowa ya gani. Na tsare ta a ƙofar ofis na ce ta buɗe bayan mota.

"Noreen, ƙyalle na kawo wa Effie jiya da safe, kina tsaye ma."

"Buɗe dai. Mun san ku. An ɗauke ƙasar, yanzu gutsuren da ya saura ake so a saka a gilashi."

Fuskarta ta yi jawur. Ta buɗe, ta zazzage komai a ƙasa gaban mutane: taya, jarkar ruwa, jakar wankinta har da 'yan kamfai. Yara suka tuntsire da dariya. Ta ce in babu dama, tana iya aikawa a nemo wata farar mai laushi daga tsibiran arewa.

"Wannan ƙasar wasu ce," in ji Kaka Dinny. "Effie ba za ta ɗora ƙasar wasu a kan rafinta ba. Kwashe kayanki, 'yata. Motar nan da safe ta tsaya, an yi ta takawa a kan sawunta tun kafin a tafi ƙwallo."

A hanyar komawa ya ce mini, "Saura wa? Akwai limamin coci, ko shi ma mu je ya kwance wando?"



*

Da rana ta karkata ya kira ni ni kaɗai. Ya sa na tsaya a bayansa, rana tana gabanmu, sai ga ƙasar da na ɗauka shafaffiya ce ta cika da rubutu.

"Ga shi nan ya shigo ta ɓular danga. Namiji ne, takalmin aikin shanu."

"Rabin mazan garin nan irinsa suke sawa. Kanti ɗaya ne."

"Na sani. Ba takalmin nake so ki duba ba. Daga nan zuwa ƙusar gwangwani taku nawa ne?"

Na auna da ido. "Goma."

"Goma, in ka miƙe ka bi ta kan tamfol ɗin da uwarki take zama. Gida babu kowa, gari babu kowa. Ɓarawo mai sauri ta ina zai bi?"

Ya nuna da sanda. Sawun bai miƙe ba. Ya kauce hagu, ya faɗa cikin ciyawa mai ƙaya, ya yi doguwar kwana ta bayan tankin ruwa. Muka bi shi muna ƙirgawa, taku arba'in da uku. A wuri ɗaya hanyar da Inna take bi daga ɗaki zuwa rumfa ta gitta gabansa, ga sawunta babu takalmi, ga ɗigon sandarta a gefe. A nan ƙafafun mutumin suka tsaya a jere, sun nutse, alamar ya daɗe a tsaye. Sannan ya buɗe ƙafa ya yi wani dogon taku ya tsallake, bai taɓa ko yatsa ɗaya na sawunta ba.

"Yanzu dubi bakin rumfa. Ina yatsunsa suke kallo?"

Waje suke kallo. Da baya ya matso, da baya ya miƙa hannu ya sauke gwangwanin, ƙafarsa ba ta shiga inuwar rumfar ba.

"Na bi sawun ɓarayi iri-iri," in ji Kaka Dinny, "ban taɓa ganin wanda ya yi sata yana kiyaye doka ba sai yau. Matar ba ta nan, amma ƙafarsa ta ƙi yarda. Wane ne ba ya kallon Effie, ba ya shiga inda take zama, ba ya taka sawunta?"

Suruki. Su uku ne a garin nan. Mijin babbar yayata shi ya tuƙa motar ƙwallo. Mijin ta biyu shi ya riƙe tuta a bakin fili gaban kowa. Na ukun mijina ne, Desmond, wanda ya kamata a ce yana sansanin tattara shanu tun ranar Laraba.

Na zauna a kan tankin. Abin da ya kayar da ni shi ne na san dalili, kuma tun safe wani lungu na zuciyata ya sani, shi ya sa bakina ya yi ta neman wanda zai cafka.

Shekara goma sha shida Desmond bai taɓa yi wa Inna magana ba, ita ma haka, don dokarmu ta hana tsakanin surukai. Duk abin da ke tsakaninsu ni nake kaiwa in komo. Mahaifinsa, wanda ba zan ambaci sunansa ba yanzu, ya daɗe kwance a gidan kula da tsofaffi a garin Kununurra. Shi ma a bakin rafin nan aka haife shi. Mako uku da suka wuce Desmond ya ce mini tsohon ba ya roƙon komai sai a shafa masa ƙasar gida a ƙirji kafin ya tafi, in roƙa masa Inna ko ɗan gutsure. Na ce to. Na je na tsaya a kan gwangwanin na auna dunƙulen da ido, na auna zanen, na ga da ƙyar za ta isa. Na tuna Perth, da jirgin sama, da sabuwar rigar da na riga na saya don in tsaya kusa da Inna a ɗauke mu hoto. Na koma na ce masa Inna ta ce a'a. Ya sake aiko ni bayan mako guda. Na sake cewa ta ce a'a, har na ƙara da cewa ranta ya ɓaci.

"Kina da abin faɗa mini?" in ji Kaka Dinny. Wannan karon babu tsokana a muryarsa.

"Babu."

Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya tafi ofis ya sa a kira sansanin shanu. Aka ce Desmond ya ari mota tun Asabar da safe, bayan an bugo masa waya daga Kununurra.

*

Washegari da sassafe motar ta shigo gari. Kaka Dinny ya tare ta tun a mararraba, kafin ta iso gida. Da rana ta ɗan ɗaga ya tara mu a gindin kuka: Inna, Gwaggo Maudie, Tessa, mazan yayyena, da duk wanda ya ji ihuna jiya, wato kowa.

Inna ta zauna ta ba taron baya. Desmond ya tsaya can nesa a bayan mota, shi ma ya juya baya, hularsa a hannu. Na miƙe zan tsaya a tsakiya kamar kullum, sai sandar Kaka Dinny ta tare ni.

"Yau ba ke ba. Maudie ce za ta kai magana."

Gwaggo Maudie ta tashi tana ɗingishi, ta wuce ta gabana ba ta ko dube ni ba.

Kaka Dinny ya ba da labarin sawun a taƙaice, taku arba'in da uku, tsallaken, da bayan da aka juya. Ba wanda ya yi dariya. Sannan ya ce a tambayi mai takalmin. Gwaggo Maudie ta je, ta dawo.

"Ya ce shi ne. Ya ce babu ruwan kowa, shi kaɗai ya yi."

"A tambaye shi ina ya kai," in ji Inna, tana kallon jikin kuka.

Wannan karon Gwaggo Maudie ta daɗe a can. Da ta dawo idonta ya cika.

"Effie, wurin tsohonsa ya kai. Ya niƙa, ya dama, ya shafa masa a ƙirji da goshi da hannuwa. Ya ce tsohon ya shinshina ya kira sunan rafin. Jiya da yamma ya cika."

Kuka ya ɓarke a bayan taro, mata suka fara dafe kai. Inna ta ɗaga hannu ɗaya, aka yi tsit.

"Mota ɗaya aka ɗora mu," ta ce. "Shi ya ɗaga mini durom ɗin nan ya saka a mota, don na kasa. A tambaye shi, me ya sa bai aiko ba?"

Gwaggo Maudie ta je, ta dawo.

"Ya ce bai aiko ba. Ya ce kansa ne ya ɗau zafi."

Na sunkuyar da kai. Mutumin da na yi wa ƙarya sau biyu, wanda na sa ya je wa ubansa da kayan sata, shi ne yake tsaye yana rufa mini asiri da gawar uban a gabansa. Tun daga tambayar Inna ya gane ban kai saƙon ba. Kuma, Allah ya sani, na yi shiru, ina fatan maganar ta wuce a haka.

"Ƙarya yake," in ji Inna. "Mutumin da ya shekara goma sha shida bai taka sawuna ba, ko da ba na gida, ba zai taɓa kayana bai aiko ba. Kada a sake tambayarsa. Ni ina tambayar taron nan: wa ya aiko?"

Ba wanda ya kalle ni, kuma wannan ya fi a kalle ni ciwo. Bakin nan nawa da ya cika gari jiya, da ƙyar ya buɗu.

"Ni ce, Inna. Sau biyu. Na ce masa kin hana."

"Ɗaga murya. Jiya har bakin titi ana jin ki."

Na sake faɗa. Na faɗi Perth, na faɗi rigar. Na juya wajen Gwaggo Maudie da Tessa zan ba su haƙuri, sai hawaye. Tessa ta kawar da kai. Gwaggo Maudie ta ce, "Bar shi, ba yau ba."

"Da kin kawo mini saƙon," in ji Inna, "da ni zan shiga mota in je in shafa masa da hannuna. Da mun yi hirar gida. Yanzu duk duniya ba wanda ya san inda kifi yake kwana a rafin nan sai ni."

Desmond ya aiko Gwaggo Maudie da ƙullin hankici. A ciki akwai abin da ya rage, bai kai babban yatsa ba. Inna ta karɓa, ta ce a gaya masa ba ta bin sa komai, ƙasar ta je inda ya dace.

*

Sai da aka gama zaman makoki, aka yi wa gidaje hayaƙi kamar yadda muke yi bayan rasuwa, sannan Inna ta yaye bargon daga kan zanen. Ta kira ni. Ita ce magana ta farko da ta yi mini a mako uku.

"Niƙa."

Na durƙusa a kan dutse na niƙa gutsuren, na dama da ƙaro. Bai cika murfin kwalba ba. Ta ɗauki tsinke ta fara daga inda rafin yake saukowa daga dutse, ɗigo bayan ɗigo, ba gaggawa. Ta wuce wurin da aka haife ta. Ta wuce wurin da aka haifi tsohon. A kwanar rafin ta uku ta kankare murfin, ta sa ɗigo na ƙarshe, ta ajiye tsinken. Fiye da rabin rafin ya tafi haka, ja da baƙi, babu fari.

Tessa ta zo da littafinta ta tambaya a hankali me za a rubuta a takardar da ake mannawa kusa da zane.

"Kada a rubuta komai," in ji Inna. "Ni ba inda za ni. Noreen za ta je ta tsaya kusa da shi. Duk wanda ya tambayi abin da ya sa fari ya tsaya a nan, ita za ta ba shi amsa, kuma ta faɗa daidai."

Na je Perth. Kwana huɗu ina tsaye a wani ɗaki mai sanyi, mutane suna wucewa da kofuna a hannu. Wanda ya fara tambaya wani dattijon Bature ne mai tabarau. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna inda ɗigon ya ƙare, ya ce ko nan ne ruwan dam ya fara rufewa.

Da na ce e, da ya gyaɗa kai ya wuce, kuma babu wanda zai kai wa Inna labari. Na ce masa a'a, ba ruwa ba ne. Na ce aike aka ba ni, ban kai ba.